Amsa ga Kawu kan haɗin gwiwar jami'o'in Amurka a binciken ciwon kansa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, ina wuni, ya ƙarfin jiki? Na saurari muryarku a kan labarin nan da aka turo, na manyan jami'o'in Amurka da ke haɗa kai da makarantun baƙaƙen fata domin binciken ciwon daji. Kun ce anya ba dabara ba ce ta samun mutanen da za a yi gwaji da su, kuma in kansa ta fi kashe baƙar fata ai jini ne, bincike ba zai canza jini ba. To, bari in faɗi abin da na sani, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Zarginku, Kawu, yana da tushe, wallahi. A garin Tuskegee na jihar Alabama, daga 1932 har 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta sa ido a kan baƙaƙen fata maza 600, kusan 400 a cikinsu na ɗauke da ciwon tunjere, aka ƙi ba su magani don a ga yadda cutar ke cin mutum. Har aka samu fenisilin mai warkar da cutar, ba a ba su ba. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara. Ga kuma Henrietta Lacks, wadda aka ɗebi ƙwayoyin sankarar bakin mahaifarta a asibitin Johns Hopkins a 1951 ba da saninta ba, har yau ana aiki da su a duniya. Mu da muka san abin da ya faru da yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Amma abin da ya biyo baya shi ne, mutane suka guji asibiti, suka guji duk abin da aka kira bincike. Sai a fito da sabon magani, an gwada shi kusan a kan farar fata zalla, a ba kowa. Wa ya yi asara?

Maganar jini kuma, a nan ne na ɗan saba da ku. Mace baƙar fata a Amurka ba ta fi fara kamuwa da sankarar mama ba, hasali ma fararen sun ɗan fi. Amma wajen mutuwa, baƙar ta fi da kusan kashi 40 cikin 100. Maza kuwa, kansar mafitsara, wato ta prostate, na kashe baƙi kusan ninki biyu. To sai aka duba asibitocin tsofaffin sojoji, inda baƙi da fari ke ganin likita ɗaya, magani ɗaya, ba maganar kuɗi. Tazarar nan ta kusa ɓacewa. Kun ga ke nan yawancin abin inshora ne, da nisan asibiti, da zuwa a makare. A unguwar Harlem ta New York, wani likita Harold Freeman ya fara wani tsari a 1990. Ba sabuwar na'ura ya kawo ba. Gwaji kyauta ya samar, sannan ya ɗauki mutanen unguwa suna bin mara lafiya: sun kira ta a waya, sun cike mata takardu, sun tabbatar ta koma karɓar sakamako. Mata masu sankarar mama da ke kai shekara biyar a raye suka tashi daga kashi 39 zuwa 70.

Ba na ce babu halitta a ciki ba fa. Akwai wata irin sankarar mama mai tsanani, wadda magungunan hormon ba sa kama ta, ta fi yawa a matan da asalinsu Afirka ta Yamma ne. Shi ya sa Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago take aiki da Ibadan tun 1998, ita kuma Dakta Lisa Newman da asibitin Komfo Anokye na Kumasi.

Yauwa, haɗin gwiwar kanta. Cibiyar kansa ta gwamnatin Amurka ce ta ba da kuɗin, kuma sharaɗin da ta sa shi ne sai an haɗa babbar cibiya da makarantar da ke yi wa marasa rinjaye hidima. A Nashville akwai Jami'ar Vanderbilt da makarantar likitanci ta Meharry da Jami'ar Jihar Tennessee. A kudu kuma akwai Jami'ar Alabama ta Birmingham, da makarantar likitanci ta Morehouse a Atlanta, da jami'ar garin Tuskegee ɗin nan dai. I, ita. Tun 1999 take da cibiyar da aikinta shi ne ladubban bincike a kan ɗan Adam. Babbar jami'a tana da na'urori da kuɗi, ƙaramar kuma ita ce za ta shiga coci ko shagon aski ta yi magana a saurare ta.

Ni dai abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne horon ɗalibai. A 1910 wani rahoto, na Flexner, ya jawo aka rufe biyar cikin makarantun likitanci bakwai na baƙaƙen fata, Howard da Meharry kaɗai suka tsira. Har yau baƙi kusan kashi 13 ne na jama'ar ƙasar, amma a cikin likitoci ba su wuce 6 ba, a likitocin kansa ma abin ya fi ƙanƙanta.

Inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari, Kawu, irin wannan haɗi kan iya zama kashin dankali. Ƙaramar makaranta ta tara mutane, ta ɗebo jini, babbar ta kwashe kuɗi da suna. Don haka ni in na ga an yi bikin sa hannu, hotuna ba sa burge ni. Tambayata ita ce wa ke riƙe da samfurin jinin, sunan wa ke gaba a takardar binciken, kuma ɗalibai nawa suka fito suka buɗe ɗakin bincikensu.

Ke kuma ƙanwata mai karatun likita da kika tambaya ko za ki iya nema, da yawa daga cikin guraben horon na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama, don haka ki fara duba ɓangaren Ibadan, ko Ile-Ife da ke aiki da cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering da ke New York. Zan kira ki bayan isha'i. Kawu, a gaida su Inna.