Rawar fim daban, rawar asali daban

'Yar'uwa, kin tambaya ko rawar da muke gani a finafinan Indiya ita ce rawarsu ta asali, kuma ko tana da sauran daraja a wurinsu. Shekara 3 na yi ina karatu a Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya, to bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Ta fim gauraye ce, an tsinto nan an tsinto can. Ta asali kuwa, hukumarsu ta kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, Sangeet Natak Akademi, iri 8 ta amince da su. Biyu na fi sani: Bharatanatyam ta jihar Tamil Nadu, da Kathak ta arewa, wadda ta bunƙasa a fadojin sarakunan Musulmi, musamman a Lucknow.

'Yar matar da na yi haya a gidanta tun tana shekara 6 take koyon Bharatanatyam. Kullum da asuba sai in ji dukan ƙafa a daɓe, malamarta na ƙwanƙwasa sanda a kan katako. Yarinyar za ta yi rabin tsugunno, gwiwoyi a buɗe, har cinyarta ta riƙa rawa, ba ta miƙe ba. Kowane lanƙwasa yatsa da ma'anarsa, ido ma magana yake yi. Sai da ta kai shekara 15 aka yi mata arangetram, wato fitowarta ta farko ita kaɗai gaban jama'a, da ƙananan ƙararrawa ɗaure a idon sawunta. Wallahi hidimar da aka yi kamar ta aurar da ita.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Asalin rawar nan ta devadasi ce, matan da ake sadaukarwa ga ɗakunan bautar Hindu. Zamanin Turawa aka yi ta aibata su, har aka haramta al'adar a lardin Madras, inda Chennai take, a 1947. Kafin nan, a 1936, wata mai rawa, Rukmini Devi Arundale, ta buɗe makarantar koyar da rawa ta Kalakshetra, rawar ta samu shiga gidajen manya. Yau 'ya'yan likitoci da lauyoyi ke yin ta, har a Amurka da Ingila, zuriyar waɗanda suka gaje ta kuwa da wuya ki gan su a dandamali. Wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Ki sani kuma, yawancin labaran da rawar ke bayarwa na allolinsu ne, shi ya sa ni kallo kawai na yi. In kin samu kanki a Chennai cikin Disamba, lokacin bikin kiɗa da rawa na Margazhi ne, zaurukan taro da yawa akwai masu rawa.