Yadda za a kafa injin wutar iska a kwalekwalen kamun kifi

Ɗan'uwa mai tambaya daga Bur Sudan, ka ce kana so ka ɗora ƙaramin injin wutar iska mai wat 400, bolt 12, a kwalekwalenka. Yana yiwuwa, domin iskar arewa ba ta cika yankewa a gaɓar Bahar Maliya ba.

Ka kafa shi a bayan jirgi, kan bututun ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, kaurin milimita 48. Bakin fiffiken ya wuce tsayin mita 2.5 sama da inda ake tsayawa, saboda in yana gudu ba a ganinsa, kuma yana sare yatsu. Ka tokare bututun da sanduna biyu. Ƙusoshi su ratsa dandamalin, da farantin ƙarfe a ƙasa. Sukurun katako jijjiga za ta zare su. Roba a gindi tana rage ƙara. Inda alminiyom ya haɗu da ƙarfen, shafa man kariya, don gishirin tekun nan ya fi na yawancin tekuna, yana cinye mahaɗin.

Wutar tana iya haura amfiya 30, saboda haka waya mai milimita murabba'i 10, da fiyus na amfiya 40 dab da batir. Dole a sa na'urar daidaita caji da makunnin birki. Wani kuskuren da ke kashe injinan nan shi ne cire batir alhali injin yana juyawa: nauyin cajin da ke rage masa gudu ya tafi, gudu ya wuce kima, fiffike ya tsage. In guguwa ta taso, ka danna birki, ya lafa, sannan ka ɗaure fiffike ɗaya da igiya.