Ɓeran Masar ɗin yarana ya ji ciwo

Tambaya: Salamu alaikum, Likita. Yarana suka matsa min na saya musu ɓerayen Masar biyu, ashe duka maza ne. Shekaranjiya da daddare suka kaure da faɗa, ɗaya ya fito da ciwo a gadon baya kamar faɗin farce, kunnensa kuma ya ɗan tsage. Maigida ya ce in ɓare kafson amoxicillin in barbaɗa masa, kamar yadda ake yi wa kaji a gida. In yi? — Wata uwa daga Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Alhaji ya yi haƙuri, amma kafson nan a mayar da shi kwalinsa. Dabbar nan za ta lashe shi, kuma duk maganin da ke dangin penisilin, irin su amoxicillin ɗin nan, yana kashe ƙwayoyin cikinta masu narka ciyawa. Sai gudawa, kwana kaɗan a wayi gari ta mutu. Ciwon da ya kai ta ga halaka ba na bayan ba ne, na maganin ne.

Fara raba su, kowa da kejinsa. Ki tafasa ruwa rabin lita, ki zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ki bari ya huce. Naɗe mai ciwon a tawul, wani ya riƙe miki, ki rage gashin gefen ciwon da almakashi, ki wanke. In kin samo Betadine, maganin wanke ciwo, a saidaliyya, wato kantin magani, tsarma shi da ruwa har ya koma kalar shayi marar ƙarfi, ki shafa safe da yamma. Ban da Dettol, ban da man zafi. Kunnen ba abin damuwa ba ne, zai warke da ɗan gibinsa.

Cizon bayan nake tsoro. Haƙorin yakan shiga ciki, fata ta rufe, ƙurji ya taru a ƙasa da ruwa mai kauri kamar cuku, wanda sai an tsaga. In kin ji kumburi ko wari, ko ya yini bai ci ba, ki kai shi likitan dabbobi ranar.

Jikinsa ba ya haɗa bitamin C, kamar yadda namu ma ba ya haɗawa, kuma ciwo ba ya haɗewa sai da shi. Ki riƙa ba shi yankan tattasai marar yaji kullum. Sunan Masar kuwa laƙabi ne kawai. Asalinsa duwatsun Andes ne, wajen Peru, don haka zafin Jidda ba nasa ba ne. Ajiye kejin a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, inda ƙuda ba zai sauka kan ciwon ba.