Tambaya da Amsa: Waƙar Aro da Kwanan Tanti a Bukukuwan Kiɗa na Bazara

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga manyan bukukuwan kiɗa da ake yi a filin Allah lokacin bazara a Turai da Amurka, inda dubban mutane ke kafa tanti su kwana uku ko biyar. Wasu sun yi tambaya kan kwanan, wasu kuma kan waƙar da mawaƙi ke ɗauko ta wani ya sake rerawa, wadda za mu kira waƙar aro. Mun taƙaita wasiƙun, amsoshin ne muka bari da tsawonsu.

Tambaya: Na biya kuɗin tikiti don in ji mawaƙi da waƙoƙinsa, sai ya ɓige da rera ta wani. Wannan ba lalaci ba ne? Yaya ake gane waƙar aro mai kyau?

Amsa: Malam, wani lokacin lalacin ne, ba mu musa ba. Amma ka duba halin da mawaƙi ke ciki a irin wannan taro. Rabin mutanen da ke gaban dandamalinsa ba dominsa suka zo ba, jiran wanda zai hau bayansa suke yi, wasu ma wucewa kawai suke. Waƙar da kowa ya haddace ita ce igiyar da yake jefawa ya jawo su, shi ya sa ake yawan saka ta a tsakiyar shiri ko dab da ƙarshe. Da zarar fili ya amsa amshi sau ɗaya, waƙar da ta biyo baya, ko baƙuwa ce, kunne a buɗe za ta tarar.

Abin da muke so ka saurara shi ne me mawaƙin ya sauya, kuma don me. Wuraren sauyi ba su da yawa: gudun kiɗa, ɗagawar murya ko saukarta, kayan kiɗan da aka yi amfani da su, da kuma bakin wanda ke magana a cikin waƙar. Mawaƙin Birtaniya Joe Cocker ya hau dandamalin bikin Woodstock na Amurka a watan Agusta na 1969 da waƙar ƙungiyar Beatles mai suna With a Little Help from My Friends. A asalinta ta 1967 waƙa ce mai sauƙin kai, mai taku huɗu, ta raha tsakanin abokai. Shi ya rage mata gudu, ya mayar da ita mai taku uku-uku, ya sa 'yan amshi suna jefo masa tambaya yana amsawa da murya kamar ta mai neman agaji. Kalmomin na nan kusan yadda suke, amma wanda ya ji ya san wata waƙa ce daban. Haka mawaƙiya Aretha Franklin ta yi wa waƙar Respect a 1967. Otis Redding ne ya rubuta ya rera a 1965, da bakin magidanci da ke neman a girmama shi idan ya dawo gida. Da ta dawo bakin mace sai ma'anarta ta juya gaba ɗaya, har yau mutane da yawa ba su san ta aro ba ce.

Wadda ba ta da daɗi ita ce wadda mawaƙi ya tsaya yana kwaikwayon numfashin mai waƙar da karyewar muryarsa, bai ƙara komai ba, bai rage ba. Kunnenka zai yi ta auna shi da na asali, kuma kullum shi ne a ƙasa. Akwai ƙungiyoyin da sana'arsu ke nan, kwaikwayon wata shahararriyar ƙungiya har tufafi, waɗannan da ma sun faɗa maka abin da za ka gani, ba a kama su da laifi. Shawararmu: idan waƙar aro ta kama ka a fili, ka nemi ta asalin bayan ka koma gida, ka saurare su a jere. A nan ne ake gane hannun mawaƙi.

Tambaya: Ni da ƙawata mun sayi sabon tanti. Ba a yi ruwan sama ba ko ɗigo, amma da asuba muka tashi kayanmu sharkaf. Cutar mu aka yi?

Amsa: Malama, da wuya a ce tantin ne ya yoye. Numfashinku ne. Mutum biyu a ɗaki ɗan ƙarami da aka zuge zif ɗinsa ruf suna fitar da tururi duk dare. Da sanyin asuba ya bugi rufin daga waje, tururin nan sai ya zama raɓa a ciki, ya taru, ya riƙa ɗiga. Tanti mai rufi ɗaya, irin wanda ake jefawa ya buɗe da kansa, shi ya fi wannan ciwo. Ki nemi mai rufi biyu: ɗakin ciki na yadi mai shan iska, da rufin waje mai tare ruwa, da tazarar kamar faɗin tafin hannu a tsakaninsu. Raɓar za ta taru a rufin waje ta gangara ƙasa. Amma idan jaka ta danne bango har yadin ciki ya taɓa na waje, ruwa zai tsallako ta daidai wurin, don haka kaya su zauna a tsakiya ko a barandar tanti. Tagogin iska na sama kuwa a buɗe za su kwana, ko ana sanyi. Jiƙaƙƙun tufafi da takalma kada su kwana a ɗakin ciki.

Ga ruwan sama na gaske, ki duba lambar da ke jikin kwalin, ana rubuta ta da milimita. Tana nuna tsayin ruwan da yadin zai iya ɗauka kafin ya fara yoyo. Mai 1,500 zai jure yayyafi, amma don kwana huɗu a ƙasar da ruwa ba ya sallama, ki nemi 3,000 a rufi da 5,000 a shimfiɗar ƙasa, saboda nauyin gwiwa da gwiwar hannu na matse ruwa ya huda yadi. Ki juya rufin ki ga ko an manna tef a kan ɗinki, domin ta ramin allura ruwa ke fara shiga. Girma kuma ki ƙara mutum ɗaya a lissafi: tantin da aka rubuta na mutum biyu, mutum biyu ne kwance kafaɗa da kafaɗa ba jaka.

Wurin kafawa ya fi tsadar tanti muhimmanci. A bikin Glastonbury, wanda ake yi a gonar Worthy da ke Somerset a Ingila tun 1970, ruwan da aka tafka da safiyar Juma'a a 2005 ya nutsar da tantunan da ke gindin tudu, wasu sai ƙoƙon rufinsu ake hangowa. Ki guji kwari da bakin lambatu da duk inda ciyawa ta fi duhu da laushi. Ki nisanci bakin hanya da kewayen banɗaki, saboda wari da masu tuntuɓe da igiya cikin dare. Ƙofa ta juya wa iska baya. Idan ƙasa na da gangara, kai ya kasance a sama. Turaku a kafa su a karkace, kamar digiri 45, kansu na kallon nesa da tanti, a ja kowace igiya ta miƙe. Idan kin shimfiɗa tamfal a ƙarƙashi, kada gefensa ya leƙo waje, in ba haka ba shi zai tara ruwan rufi ya kai miki ƙarƙashin gado. Kuma ki kafa tantin sau ɗaya kafin tafiya, ki ƙirga sanduna da turaku.

Tambaya: An ce bazara ce, amma sanyi ya hana ni barci. Zan iya shigar da ɗan murhun gawayi bayan mun gama gashi, don ya ɗumama tanti?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka kuskura, ko sau ɗaya. Gawayin da ya daina ci da wuta, har wanda ka taɓa murhunsa ka ji ya huce, yana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid na sa'o'i. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar shaƙa, mai barci kuma ba ya farkawa ya gudu. An yi asarar rayuka a sansanonin tanti ta wannan hanya. Haka risho da murhun gas, har a baranda. Wanda ya tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya bayan an kunna wuta kusa, a fitar da shi waje nan take a kira masu agajin lafiya na bikin.

Sanyin da ya dame ka, yawancinsa daga ƙasa yake. Jikinka na danne audugar buhun barci ta ƙasa ta zama ba ta da amfani, ƙasa kuma ta yi ta zuƙe ɗuminka. Katifar da ake hurawa ba ta tare wannan, iskar cikinta sanyi take ɗauka. Ka ɗora tabarmar soso ko bargo a kanta. A jikin buhun barci akwai lambobi uku na ma'aunin sanyi: ka yi aiki da ta farko, ta jin daɗi, ka manta da ta ƙarshe, wadda ma'anarta kawai ba za ka mutu ba. Mai lambar jin daɗi tsakanin digiri 5 zuwa 10 zai wadatar a yawancin dararen bazarar arewacin Turai. Ka ware riga da wando da safa busassu a leda, na barci kaɗai, da hular sanyi.

Tambaya: Ina ɗan taɓa jita. Ina so in tafi da ita mu riƙa rera waƙoƙin mutane a bakin tanti, amma muryata ba ta kai inda tasu ke kaiwa. Kuma akwai matsalar doka?

Amsa: Ba kai za ka bi waƙa ba, Malam, ita za ta sauko inda muryarka take. Ka nemo wurin da ya fi tsawo a waƙar, yawanci a amshi yake, ka gwada shi tukuna. Idan ka ji wuyanka na ɗaurewa, sai a sauya mazaunin sauti. Ɗan maƙallin nan da ake matsewa a wuyan jita, kafo, yana ɗaga sauti rabin mataki a kowane gida, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafunan wuyan. Misali waƙa tana kan mazaunin sauti na C ta yi maka sama: ka koma kamun G ka sa kafo a gida na 2, ka sauko A ke nan, ko a gida na 3 idan ta yi ƙasa da yawa. Kamun G da D da Em da C kaɗai za su ɗauke ka waƙoƙi masu yawan gaske. Gara waƙa biyar da ka haddace har ƙarshe da ashirin da kake tsayawa a baiti na biyu, domin nan ne taro ke watsewa.

Ka tafi da jita mai arha. Tanti a rana tamkar tanda yake, zafi na sassauta gam ɗin da ya riƙe gadar tsirkiya, raɓar dare kuma na kumbura katako. Ta zauna cikin jakarta, a inuwa, ka riƙe tsirkiyoyi na canji da ɗan na'urar saita sauti, domin sauyin zafi da sanyi zai riƙa karkatar da ita. Ka karanta ƙa'idar bikin, da yawa sun hana hura wuta a sansani, wasu kuma suna da ɓangaren masu son shiru.

Doka kuwa, waƙar bakin tanti tsakanin abokai ba wanda zai bi ka. A kan dandamali, masu shirya biki ne ke karɓar lasisi, daga ƙungiyoyin kare haƙƙin marubuta waƙa irin PRS for Music a Birtaniya, ko ASCAP da BMI a Amurka, a miƙa jerin waƙoƙin da aka rera don marubucin waƙa ya sami haƙƙinsa. Inda za ka iya cin karo shi ne ɗora bidiyon a YouTube: manhajar Content ID na iya gano waƙar, kuɗin talla ya tafi ga mai ita, ko a toshe bidiyon.

Tambaya: Bayan na tsaya gaban dandamali, kunnena ya kwana yana ƙara. Zai wuce?

Amsa: Sau da yawa yana lafawa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma alama ce ta cewa ƙwayoyin ji na cikin kunne sun jigata, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. A ma'aunin NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, kunne na jure desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 na raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne kacal, alhali gaban manyan lasifikoki kan kai haka ko ya wuce. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa ya wuce 100 a cikin kowane minti 15. Ki sayi abin toshe kunne na makaɗa, mai ɗan matacin sauti da ke rage desibel 15 zuwa 20 ba tare da dusashe kiɗa ba. Idan na soso kika samu, ki murza shi ya sirance, ki ja kunnen sama da ɗayan hannun, ki tura, ki riƙe daƙiƙa 30 har ya kumbura. Wurin da sauti ya fi daɗi ma ba gaba ba ne, kusa da rumfar masu haɗa sauti ne a tsakiyar fili, domin daga nan suke aunawa. Can kuma turmutsutsu ya fi sauƙi. A bikin Roskilde na Denmak mutum tara suka rasu a matsin gaban dandamali a 2000. Idan ƙarar ta wuce kwana biyu ki ga likita, idan kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a ranar za ki je.

Tambaya: Fawa banki mai lamba 20,000 zai ishe ni kwana huɗu?

Amsa: Da lissafi, zai isa. Wajen sauya ƙarfin wuta ana asarar kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da zai shiga waya kusan 13,000 ne, wato cikawa kusan uku ga waya mai batir 4,500. Abin da ke cinye caji a biki shi ne neman sabis a inda dubban wayoyi suka yi wa turken sadarwa ɗaya rubdugu, don haka ka sa wayar a yanayin jirgin sama, ka riƙa buɗewa lokaci-lokaci. Ka ɗauki hoton tikiti da jadawalin mawaƙa tun kana da intanet, ka tsayar da wurin haɗuwa da abokan tafiya da sa'a, kamar gindin wata tuta da ƙarfe shida. Idan ta jirgi za ka tafi, fawa banki a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba, kuma naka mai 20,000 wat-awa 74 ne, ƙasa da iyakar 100 da kamfanonin jiragen sama suka saba sakawa.