Ka ce mu daina karɓar jingina?

Jiya ka tambaye ni, wai tunda kowa ya koma kallo a waya, masu shigowa shagonmu na hayar faifan fim sun yi ƙaranci, me zai hana mu daina karɓar jingina da tarar makara ko sa dawo. Kai yaro, da lokacin da kasuwa ke ci ka kawo min wannan magana, da ka sha ranƙwashi.

Bari ka ji abin da rashin jingina ya ja min. Zamanin da DVD ke tashe, akwai wani kwastoma da ya shekara biyu yana zuwa, bai taɓa makara ko da kwana ɗaya ba. Har kujerata nake tashi in ba shi. Rannan ya ce yana da baƙi, yana son wani fim mai dogon zango gaba ɗayansa, faifai goma sha takwas, na kamfani, waɗanda sai da na yi wata uku ina tari kafin na saye su. Kunya ta hana ni buɗe baki in ce ya ajiye wani abu. Bayan mako ya dawo da su da daddare, shago a cike, ya dire su kan kanta ya ce in ƙirga. Na ƙirga, goma sha takwas cif, har da yi masa godiya. Kwali na ƙirga!

Sai bayan kwana uku wata mata ta dawo da na huɗu tana faɗa, wai yana maƙalewa a tsakiya. Ina juya bayansa na ga ya yi shuɗi-shuɗi, alhali faifan kamfani bayansa kamar azurfa yake. Na buɗe sauran, duk kwafi ne, an manna musu hoto a sama tsaf. Na same shi har gida, ya dubi tsabar idona ya rantse haka na ba shi. Me zan ce? Littafi ya nuna an dawo da kaya, kuma da hannuna na rubuta. Daga baya na ji nawa na asali suna wani shago ana ba da hayarsu. Har yau in na tuna godiyar nan da na yi masa, raina ɓaci yake.

Faifai ba ya fara ba ka riba sai ya fita ya dawo sau da yawa. Na nan ko rabin kuɗinsu ba su mayar ba.

Tara kuwa, nan ka ɗan yi gaskiya, kada dai kanka ya kumbura. Blockbuster, wani kamfanin hayar fim na Amurka, ya kai shaguna wajen 9,000 a 2004, yana cin kuɗin makara son ransa, mutane na jin haushi. Netflix ya zo yana aika faifai ta gidan waya, a biya kuɗin wata, ba tara. A 2007 ya fara nuna fim ta intanet, a 2010 Blockbuster ya durƙushe. Yau shago ɗaya tak ya rage da sunan, a garin Bend na jihar Oregon. Shi kansa Netflix ɗin ya daina aika faifai a 2023. To, wanda ya makara kwana ɗaya ka yafe masa. Jingina dai tana nan.

Ka lura da masu shigo mana yanzu? Ba sabon fim suke nema ba, wannan yana aljihunsu. Tsoho suke nema, wanda manhaja ta sauke da wa'adin lasisinsa ya ƙare, ko wanda ba a taɓa ɗorawa ba. Irin wannan faifan in ya salwanta, ina za ka samo wani? Ku yaran yanzu sai ku yi rabin awa kuna jan allo da yatsa ba ku zaɓi komai ba. Ni mutum na tako ƙofa na san abin da zan miƙa masa.

Yadda ake goge faifai da rubuta littafi ba sai na ɓata bakina ba. Gobe ka zo da wuri, ka sauko da layin sama, ka buɗe kowane kwali ka juya bayan faifan. Wanda ya yi shuɗi ka ware min shi gefe.