Amsa ga mai shirin ziyartar wurin bautar Shinto a Tokyo

Malam, ka ce abokan aikinka za su kai ka Meiji Jingu, wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, kana fargabar yin abin kunya ko taka addininka. Na taɓa zuwa, ga abin da na gani.

An buɗe wurin a 1920 don tunawa da Sarki Meiji da matarsa, cikin kurmi mai sanyi a tsakiyar birni. A babbar ƙofar katako, wato torii, mutane kan ɗan rusuna, sannan su bi gefen hanya, domin a wurinsu tsakiya ta kami ce, abin bautarsu. Kai ma bi gefe.

Gaba kaɗan akwai wurin wanke hannu: hagu, dama, sai kurkure baki da ruwan tafin hannu. In akwai ludayi, kada ka kafa masa baki. Nan baƙi suka fi yin kuskure, sai kuma ɗaukar hoto a gaban ɗakin bauta, wanda an hana.

Jefa kuɗi a akwati, rusunawa biyu, tafi biyu, rusunawa ɗaya, wannan ibadarsu ce, ba gaisuwa ba. Babu mai tilasta maka. Ni gefe na tsaya shiru, ba wanda ya harare ni.

Hukuncin shiga kuwa, tambayi malamin da ka amince da shi tun kafin ranar.