Amsa ga mai Ram 2500 da ke son tirela mai gareji ta laba 16,800

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in maimaita tambayarka saboda waɗanda ba su gan ta ba. Kana da Ram 2500 mai injin dizal, ƙofa huɗu, kuma ka ga tirelar zango irin wadda ake ɗora wuyanta a kan faranti a cikin bodin a-kori-kura, mai gareji a baya, wadda Amurkawa ke kira toy hauler. Takardarta ta ce nauyinta babu kaya laba 13,500, iyakarta da kaya 16,800, abin da ke sauka a kan ƙusar da ke shiga faranti kuma 2,900. Dillali ya ce motarka tana jan kusan 18,000, don haka ka sa hannu kawai. Sitikar da ke jikin ƙofar direba kuwa ka ce ta nuna 2,150, wato nauyin da motar za ta iya ɗauka. Ku biyar ne a gida, kuma kana so ka riƙa saka Polaris RZR, ƙaramar motar yawon daji mai kujera huɗu, a garejin.

Kada ka sa hannu. Wannan tirela ta fi ƙarfin motarka, kuma tazarar tana da yawa. Na daɗe ina tuƙa babbar mota a nan Tekzas, ina kuma jan tirela irin wannan da iyalina lokacin hutu, saboda haka sikeli ba baƙona ba ne.

Dillalin bai yi maka ƙarya a kan 18,000 ba, lambar da za ta sayar masa da kaya ya zaɓo. Mota tana da ƙarfin ja, tana da ƙarfin ɗauka, kuma kowanne da lambarsa. Jaki zai ja kura mai buhu goma ya kai ta kasuwa, amma aza masa huɗu a gadon baya ka ga yadda zai durƙushe. Tirelar da ake ɗaurawa a bamba kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta take ɗora wa mota. Irin wadda kake so kuwa tana sauke kashi 15 zuwa 25 a kan faranti, daidai saman tayoyin baya. Injin Cummins ɗinka zai ja ta ba tare da ya yi gumi ba. Bayan motar ne zai gaza.

Ita lambar ja ma ka san yadda ake samo ta. Kamfanoni suna bin wani ma'auni mai suna SAE J2807, har da gwajin hawan tudun Davis Dam a Arizona cikin zafin rana da na'urar sanyaya mota a kunne. Gwaji ne mai kyau, amma ana lissafa mutum biyu ne kacal a cikin motar, kowanne laba 150, babu yara, babu akwatin sifana, babu kular ƙanƙara. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a talla kuwa yawanci ta samfurin da ya fi kowanne sauƙin nauyi ce. Sitika mai ruwan ɗorawa da ke jikin ƙofarka ita ce ta motarka kai kaɗai, domin an buga ta ne bisa nauyin wannan motar da duk abin da aka ƙara mata a masana'anta. Abin da take cewa shi ne mutane da kaya gaba ɗaya kada su wuce 2,150, wato kilo 975 ke nan.

To ɗauko biro. Ko da mun yarda da 2,900 ɗin takarda, ka riga ka wuce iyaka da laba 750 tun ba ka buɗe ƙofa ka shiga ba. Kuma ba za mu yarda da shi ba, don an auna shi ne tirela tana fanko. Ni da iyakar nauyin tirela nake lissafi, in ɗauki kashi 20: kashi 20 na 16,800 shi ne 3,360. Kai da uwargida da yara uku, a ce 650. Faranti da ƙarafunansa, a ce 200. Mai zamewa baya da gaba, wanda gajeren bodi ke buƙata don kada goshin tirela ya fasa gilashin baya a kwana, ya kan fi haka. Jak, sifanu, igiyoyi, kula, a ce 150. Jimla 4,360. Ninki biyu na abin da aka rubuta maka har da ɗoriya.

Za ka ce ai ba za ka cika ta har 16,800 ba. Kowa haka yake cewa. Tsakanin 13,500 da 16,800 laba 3,300 ce kawai. RZR mai kujera huɗu wajen 1,800 ne, wasu sun fi. Galan ɗaya na ruwa laba 8.3, kuma tankunan irin waɗannan tireloli galan 100 ne ko sama, ka ga 830 ta tafi. Akwai tankin fetur na janareta da na abin hawan, galan 30 wajen laba 180. Mun kai 2,810 ba a sa ko cokali ba. Saura ƙasa da 500 na tufafi, barguna, tukwane, kekunan yara, kujerun waje da abinci. Mu kuwa ka san mu, ba ma fita sai da buhun shinkafa, jarkar mai da babbar tukunya, don ba a san baƙon da zai faɗo zango ba. Za ka kai iyakarta, wataƙila ma sai ka rage wani abu.

Akwai abu guda da ya bambanta mai gareji da sauran tireloli, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Garejin yana bayan tayoyin tirela, don haka duk abin da ka shigar ciki yana ɗan ɗaga gaba, nauyin ƙusa ya ragu. Masu ƙera ta sun san haka, shi ya sa suke barin gabanta da nauyi tun daga masana'anta, domin in an loda baya kada gaban ya yi sakwa-sakwa tirela ta fara lilo. Wani zai ce maka RZR ɗin zai gyara maka lissafi. Mu duba nawa zai rage. A ce tsakiyar nauyinsa tana ƙafa 6 a bayan tsakiyar aksul ɗin tirela, ƙusa kuma tana ƙafa 24 a gaba. Laba 1,800 sau 6, a raba da 24, ya ba ka 450. Ragi ne, amma ina 450 ina 2,200 da ta yi maka yawa? Kuma gaban ba a zaune yake ba. Janareta a gaba yake, batura da tukwanen gas a gaba, babban ma'ajin ƙasa inda kowa ke cusa tarkace a gaba, ɗakin kwana da kabad ɗin tufafi a saman ƙusa kai tsaye. Sannan akwai ranar da za ka fita babu RZR, ko ka kai tirelar gyara gareji fanko. Ran nan ne motarka za ta ɗauki nauyi mafi yawa, don haka da wannan ranar ake lissafi.

Na ga wani ɗan'uwa ya rubuta maka cewa 10,000 da aka sa wa 2500 a matsayin iyakar nauyi lambar takarda ce kawai. Yana da ɗan gaskiya. A tsarin Amurka laba 10,000 ita ce iyaka tsakanin aji na biyu da aji na uku na motocin kaya, kuma kamfanoni sun daɗe suna tsayar da waɗannan motoci a nan. Injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan laba, shi ya sa za ka ga mai dizal tana da ƙarancin ɗauka fiye da mai fetur, alhali ta fi ta ja. To mu ajiye 10,000 ɗin mu koma ga ƙarfe da roba. A farar sitikar ƙofar akwai GAWR na baya, wato iyakar abin da aksul ɗin baya ke ɗauka; a irin motarka tsakanin 6,000 da 6,500 ake gani. Bayan motar babu kaya yakan auna 3,000 ko ɗan sama. Ƙara 3,360 na ƙusa, 200 na faranti, da rabon mutane da kaya da ke faɗa wa baya, ka doshi 7,000. Ka wuce aksul. Duƙa ka karanta gefen tayarka: idan LT275/70R18 ce mai harafin E, kowacce laba 3,640 take ɗauka, shi ma sai iskarta ta cika 80. Guda biyu 7,280. Tazarar da ta rage maka ba ta kai nauyin mutum biyu ba, ga kwalta tana tafasa a kan babban titin I-10 a watan Yuli. Tayar baya ta fashe da tirela mai tsayin fiye da ƙafa 13 a wuyanka, yara suna kujerar baya, Allah ya kiyaye.

Jakunkunan iska da ake sa wa a kan aksul kuwa suna ɗaga bayan mota ta daidaita, fitilunka su daina haska idon masu zuwa. Ina amfani da su, suna da daɗi. Amma ba sa ƙara ko laba ɗaya a kan aksul, wili, taya ko birki. Ka tuna kuma Ram 2500 tun daga 2014 sifirin mai naɗi take da shi a baya, 3500 ce mai ganye. Shi ya sa taka ta fi laushin tafiya, kuma shi ya sa su biyun ba tagwaye ba ne kamar yadda ake faɗa.

In tirelar ce ta shiga ranka, motarta ita ce 3500 ko F-350 mai taya biyu-biyu a baya. Iyakar nauyinsu 14,000, sitikarsu kuma takan haura 5,000 ko da dizal. Mai taya ɗai-ɗai a baya, waɗanda na leƙa sitikarsu suna faɗawa tsakanin 3,500 da 4,300, ka ga 4,360 ɗinka ya riga ya taɓa rufi. Na san mai taya huɗu a baya tana da takura: fakin a gaban masallaci ranar Juma'a aiki ne, taya shida za ka riƙa saya, wurin wankin mota na inji ba ya karɓar ta. Amma ranar da iskar yammacin Tekzas ta buge ka daga gefe, ko babbar mota ta wuce ka da gudu, za ka ji bayan ya tsaya cak. Saukowa daga ramin Eisenhower da ya ratsa dutse a kan titin I-70 a Kolorado, gangara mai kashi 7 cikin ɗari, nan ma za ka gane bambancin. In kuwa motar ce ba ka son rabuwa da ita, cire 1,000 na mutane da faranti da kaya daga 2,150, saura 1,150. Babu mai gareji ta faranti da za ta shiga nan. Sai ka duba ta bamba, wadda iyakarta ba ta wuce 8,000 zuwa 9,000 ba, ita ma ka auna tsawon garejin da RZR ɗinka kafin ka so ta.

Kafin komai, je ka auna motarka. Akwai sikelin CAT a yawancin manyan tashoshin masu tirela irin su Love's da Pilot, kuɗin bai kai dala 20 ba. Cika tanki, ɗebi iyali da duk abin da kuka saba ɗauka. Sikelin faranti uku ne a jere: tayoyin gaba a na farko, na baya a na biyu, na tirela a na uku. Ka danna maɓalli, murya ta tambaye ka awon farko ne ko maimaici, ka ce na farko, ka shiga ciki ka karɓi takarda. Cire jimlar daga GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya da ke kan farar sitika, cire awon baya daga GAWR na baya. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikin biyun ita ce abin da ya rage wa ƙusa da faranti. Ranar da ka samu tirela kuma awo biyu za ka yi, ɗaya da ita a haɗe, ɗaya bayan ka sauke ta a filin fakin. Haɗa gaba da baya na awon farko, cire gaba da baya na awo na biyu, abin da ya saura shi ne ainihin nauyin ƙusa. Ka yi sau ɗaya gareji cike, sau ɗaya fanko, ka ajiye takardun a aljihun gaban mota.

Sai maganar lasisi, wadda dillalai ba sa tayarwa. A Tekzas, idan iyakar nauyin mota da ta tirela a haɗe ta kai 26,001, tirelar kuma ta wuce 10,000, kana buƙatar lasisin aji A wanda ba na kasuwanci ba. Ko da motarka ta yanzu, 10,000 da 16,800 sun ba ka 26,800, ka shiga ciki. Kalifoniya ma tana neman irin wannan lasisi ga tirelar faranti da ta wuce 15,000. Ba ka faɗi jiharka ba, kowacce da dokarta, don haka ka duba ta inda lasisinka ya fito. Turo mana hoton sitikokin ƙofa guda biyu, da na tirelar da ke gefen hagu kusa da gaba, da takardar sikeli in ka samu, mu zauna mu yi lissafin da lambobinka na gaske.